Mai Gadin Ƙofa ta Bakwai

Sara na goma sha ɗaya Alhaji Sabo ya kai wa tsohon, takobin ya sake ratsa shi ya wuce kamar hayaƙi aka sara. Tsohon ko ɗago kai bai yi ba. Yana zaune abinsa bayan wani teburin dutse a bakin ƙofa ta bakwai, yana juya takardu, ga fulas ɗin shayi a gefensa.

"Nan wurin ya lalace," in ji Alhaji Sabo, idonsa na kan talabijin. "Akwai kuskure."

"Babu kuskure, Abba," in ji Fadila, autarsa, tana zaune a kan dardumar falo ta naɗe ƙafafu. "Ba a kashe shi."

"Duk abin da aka sa a gem ana kashe shi. Shekarata biyar ina wannan harkar."

Gaskiya ya faɗa, ko da yake ba gaskiyar da yake so a ji a waje ba ce. Alhaji Sabo mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar gwamnati, shekarunsa hamsin da huɗu, yana da tumbi daidai matsayinsa, kuma duk Unguwar Dosa an san shi da tafiya a hankali da magana a hankali. A lokacin kullen korona ne babban ɗansa Sharhabil ya miƙa masa hannun gem, abin danna wasan talabijin, don ya daina zagaye gida yana duba wanda ya bar fitila a kunne. Kulle ya ƙare, Sharhabil ya yi aure ya koma Fatakwal, na'urar ta zauna. Tun daga nan duk safiyar Asabar abokansa na majalisa sun san Alhaji na gida yana nazarin takardu.

Faɗa yake so. In gem ya fara surutu, wani ƙauye ya ƙone, wata tsohuwa na neman akuyarta, sai ya yi ta danna maɓallin tsallakewa har a kawo masa wanda zai sara. Ya ce surutun ofis ma ya ishe shi.

Wannan gem ɗin na yau kuwa ba na kanti ba ne. Fadila ce ta gina shi ita da wata ƙawarta, aikinsu na kammala jami'a. Wani ƙaramin kamfanin wasanni a Abuja ya gani, ya ce su zo su yi aikin shekara guda, kuma jibi Litinin ce ranar ƙarshe ta ba da amsa. Fadila ba za ta taka ko tashar jirgin ƙasa ba sai mahaifinta ya yarda.

A gidan Alhaji Sabo kuwa yarda ba da baki ake bayarwa ba. Duk abin da ya wuce "miƙo min gishiri" a rubuce ake nemansa. Kowa a gidan yana da fayil, har matarsa Hajiya Safara'u, wadda ta taɓa rubuta takardar neman a canza labulen falo, ta sami amsa bayan salla biyu. Takardar Fadila ta shiga fayil mako goma sha ɗaya da suka wuce. Duk mako takan tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa, shi kuma ya gyara murya ya ba ta amsa iri ɗaya. Jiya bayan la'asar ta ce to ko sau ɗaya ya taɓa gem ɗin ya gani. Ya amince, da niyyar ya tsinci kurakurai uku ko huɗu da zai rubuta a ƙasan takardar da koren biro, a rufe magana cikin mutunci.

Sai dai ƙofofi shidan farko ba su ba shi abin rubutawa ba. Takobin yana da nauyi a hannu. Kowane maƙiyi yakan ɗaga kafaɗa kaɗan kafin ya kawo sara, in ka lura ka goce, in ba ka lura ba ka sha ƙasa, kuma ka san laifinka ne. A ƙofa ta biyar wani ƙato mai kan kura ya kashe shi sau takwas, a na tara Alhaji ya tsaga masa kai gida biyu, har ya manta da ciwon gwiwarsa ya miƙe tsaye.

"Wanda ya gina faɗan nan ya san aikinsa," ya ce a lokacin. "Ki gaishe min da yaron."

"Bara'atu ce."

"Wace Bara'atu?"

"Ta gidan Malam Yusha'u, mai makarantar allo a Unguwar Kanawa."

Alhaji Sabo ya koma ya zauna a hankali. Ya san yarinyar. Ita ce mai durƙusawa tun daga bakin get, wadda sai ka ce "na'am?" sau biyu kafin ka ji gaisuwarta. Ya dubi kan kurar da ke kwance gida biyu a talabijin, ya tuna ranar da ya ce da Hajiya yarinyar nan ko sauro ba za ta iya kashewa ba.

"Malam ya san da wannan?"

"Shi ya fara sa mata albarka. Tun watan jiya."

Yanzu ga shi a ƙofa ta bakwai, ga tsohon da takobi ba ya kamawa.

"To, ita ta yi faɗan," ya ce. "Ke me kika yi?"

"Aike-aiken. Mutanen garin, abin da kowa ke so, wa zai aike ka ina, me zai biyo baya in ka je ko ka ƙi."

"Wato surutun."

"Wanda kake tsallakewa, e."

Ya ajiye hannun gem a cinya, ya gyara zama irin na taron ofis. "Bari in gaya miki. Faɗa ba ya ƙarya. Ka iya, ka wuce. Ba ka iya ba, ka mutu, nan take ka san matsayinka, ba sai an kafa kwamiti ba. Amma aike? A ba mutum takobi mai tsawon ƙofa, sannan a ce je ka tsinko min ganye goma, je ka kai wa wane wasiƙa. An maida jarumi masinja."

"Abba, mutum nawa ka kashe tun safe?"

"Sun haura ɗari."

"Me suka yi maka?"

"Sun tare hanya."

"Hanyar zuwa ina?"

Fanka na juyawa a sama. Daga kicin ana jin ƙarar ƙosai a mai.

"Faɗan Bara'atu yana gaya maka ko ka iya," in ji Fadila. "Nawa aikin shi ne ka san abin da ya sa ka zare takobin. Yarinya ce kake riƙe da ita, Abba, in ka duba ƙarƙashin hular ƙarfen. Akwai takarda a jakarta. Hatimi take nema ta fita daga garin kafin kogi ya cika ya rufe hanya. Danna maɓallin magana."

Sai da ya duba hannun gem ɗin kafin ya gano inda maɓallin yake. Ya danna.

Tsohon ya ɗago kai. Hula zanna ce a kansa, ta karkata hagu. Tabarau a ƙarshen hanci. Koren biro a aljihun gaba. Tumbin ya tokare teburin dutse. Ya gyara murya, "ehem," sannan ya ce, a hankali, cikin muryar da Alhaji Sabo ke ji kullum daga cikin kansa amma bai taɓa ji daga waje ba:

"Za a duba. A dawo ranar Talata."

Hannun gem ɗin ya zame daga cinyarsa ya faɗi kan darduma. Ya kai hannu ya taɓa hularsa. Ta karkata hagu. Ya daidaita ta.

"Wannan muryar wa ce?"

Fadila ta sunkuyar da kai.

"Na ce muryar wa ce?"

"Taka ce, Abba."

"A ina kika same ta?"

"Sau goma sha ɗaya ka faɗa min. Na shidan ya fi fita sosai, ranar babu wuta, fanka ba ta juyawa."

Ya yi "innalillahi" a ransa. Shekara ashirin da bakwai yana faɗin wannan magana, kuma a ganinsa magana ce mai kyau. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce e ba, ba ta ɓata wa kowa rai nan take. Talata ma rana ce da ba ta da laifi: hayaniyar Litinin ta wuce, Juma'a da sauran tafiya. Bai taɓa sanin haka take sauka a kunnen wanda ke tsaye ba.

Hajiya Safara'u ta shigo da faranti, ƙosai da kunun gyaɗa. Ta dubi talabijin, ta ajiye farantin.

"A'a, har ka iso wurin Baba Talata? Ka yi sauri."

"Wurin wa?"

"Haka suke kiransa. Ni kwana biyu na yi kafin na wuce shi."

"Ke? Kina buga gem?"

"In ka tafi ofis. Ni ba na faɗan, Fadila ta rage min ƙarfinsu. Hira nake bi. Akwai wata mai wanki a bakin kogi, Alhaji, labarinta sai da ya sa ni hawaye."

"Su wa ke kiransa Baba Talata?"

Uwa da 'ya suka dubi juna.

"Masu gwaji," in ji Fadila. "Mun sa shi a intanet don a gwada mana. Mutum ɗari huɗu da wani abu."

"Ɗari huɗu."

"Ba su san kai ba ne, wallahi. Wani daga Legas ya rubuto ya ce ya san mutumin nan, a ma'aikatarsu yake. Wata daga Jos ta ce ƙarya ne, a tasu yake."

Nan take wani abu ya faɗo masa. Malam Rilwanu, wanda teburinsa ke kallon nasa shekara tara, kusan wata guda ke nan duk lokacin da aka zo neman fayil Alhaji ya gyara murya, sai tari ya kama shi ya fita baranda. Har zuma Alhaji ya kawo masa daga gida.

"Rilwanu," ya ce.

"Ɗansa na cikin masu gwajin," in ji Hajiya. "Ci ƙosan kafin ya huce."

Bai ci ba. Ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da fayil ɗin Fadila, ya ajiye a kan tebur, ya ɗora koren biro a kai. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa fiye da yadda suka saba ji.

"Kin ɗauki ubanki kin zaunar da shi a kasuwa ana yi masa dariya daga Legas har Jos. Sannan kina so in sa hannu ki je Abuja ki ƙaro."

Fadila ba ta ɗago ba. Ya ga yatsunta na murza bakin mayafi.

"Ka yi haƙuri, Abba," in ji Fadila. "Ba don dariya na sa shi ba. In ka ƙarasa ka ga dariya ce, ka rubuta a'a, ba zan sake tambaya ba."

Ya kamata ya rubuta a'a ɗin nan take, ya san da haka. Amma a shekara biyar bai taɓa barin ƙofa a rufe ya kashe na'ura ba, kuma abin da ya fi ci masa rai, Hajiya ta wuce wurin. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki hannun gem.

"Ta yaya ake wuce shi?"

"Sai ka koma ka saurari waɗanda ka tsallake."

Haka mataimakin darakta ya juya da yarinya mai hular ƙarfe, ya bi ta kan gawarwakin da ya zubar, ya koma cikin gari yana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai shayin bakin ganuwa ya ce da can mai gadin ba haka yake ba, hatimi na hannunsa kamar yana ƙona shi, kowa ya zo ya buga masa. Mai wankin da ta sa Hajiya hawaye ta ce 'ya'yansa huɗu, uku shi da kansa ya buga musu hatimi suka fita ta ƙofar nan, kuma suna aiko da gaisuwa, ba laifi, suna aikowa. Alhaji Sabo ya daɗe a wurin mai wankin bai danna komai ba. Sharhabil na Fatakwal, Sulaiman na Sakkwato, Maimuna na gidan mijinta a Gombe. Ya ce a ransa ai kowa na da 'ya'ya huɗu.

Daga nan aka aike shi wata unguwa mai lunguna, inda gidaje suka hau kan juna. A wani zaure wata tsohuwa na tankaɗe. Da ya danna maɓallin magana sai ta ɗago, muryarta ta cika falon:

"Wa? Wancan? Ni na goya shi. Mu je in ga wanda zai ce min Talata."

Alhaji Sabo ya waiga bayansa kafin ya tuna a talabijin ne.

"Har Yaya Dije?"

"Sau ɗaya ta faɗa aka ɗauka," in ji Fadila. "Ko rubutun ba ta duba ba. Ban ma rubuta mata haka ba."

"Ita ce hanyar," in ji Hajiya. "Ka tafi da ita, ta yi masa tas, ya buga hatimi nan take. Kowa haka ya wuce."

"Duk ɗari huɗun?"

"Duk waɗanda suka wuce," in ji Fadila. "Akwai hanya ta biyu, amma ba wanda ya gano ta."

A talabijin an rubuta: Ka tafi da ita? E ko a'a. Alhaji Sabo ya dubi tsohuwar. Tun yana aji uku na firamare mahaifiyarsu ta rasu, Yaya Dije ta ƙarasa rainonsa a Unguwar Shanu, kuma har yau in sunanta ya fito a wayarsa sai ya tashi tsaye kafin ya amsa. Ko a gem ba zai kai wa kansa Yaya Dije ba. Ya danna a'a.

Ya koma ƙofa ta bakwai shi kaɗai. Tsohon na nan yana juya takardun da, yanzu Alhaji ya lura, babu komai a rubuce a jikinsu. Sannan ya lura da wani abin da saransa goma sha ɗaya bai bar shi ya gani ba. Akwai benci a gefen teburin. Ba a gabansa ba, inda masu neman hatimi ke tsayawa. A gefe, kusa da fulas.

"Ana zama a gem ɗin nan?"

Fadila ta ɗago kai a karon farko tun da ya fito da fayil. "Sai ka mayar da takobi kube."

Bai san maɓallin ba, don bai taɓa buƙatarsa ba. Ta nuna masa. Yarinyar ta mayar da takobi, ta cire hular ƙarfe, ta zauna a bencin.

Ba abin da ya faru. Tsohon na juya takarda. Daga nesa ana jin kogi.

"Ya tsaya," in ji Hajiya. "Danna wani abu."

"Bari," in ji Alhaji Sabo.

Minti guda ya wuce, ko fiye. Sai tsohon ya ajiye takardun. Ya buɗe fulas, ya zuba shayi a murfin, ya tura wa yarinyar. Wannan karon babu murya, rubutu ne kawai ya fito a ƙasan talabijin:

In kin fita, wa zai riƙa leƙo ni da safe?

Tsohon ya jawo takardarta, ya daɗe yana kallonta, ya buga hatimi. Ƙofa ta bakwai ta buɗe.

Alhaji Sabo ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, rubutun na nan. Duk abin da ya gani tun safe, muryarsa, hularsa, Rilwanu da tarinsa, ba wanda ya daskarar da shi kamar wannan layi guda. Wannan maganar ko Hajiya bai taɓa gaya wa ba. Shi kansa bai taɓa jera ta haka a ransa ba.

"Wannan ban faɗa ba," ya ce.

"Shi ya sa babu murya, Abba."

Ana haka suka ji keke napep ya tsaya a ƙofar gida, sannan aka buga get da tafin hannu, bugu uku, irin na wanda ba izini yake nema ba.

"Sabo! Kana ciki?"

Ya dubi Hajiya. Hajiya ta dubi ƙosai.

"Ni hanyar da na sani ke nan," ta ce. "Tun da safe na kira ta."

Rabon Alhaji Sabo da sauri irin wannan tun yana ƙaramin ma'aikaci. Ya fizgo fayil, ya buɗe, ya cire murfin biro da haƙori. A ƙasan layi goma sha ɗaya na "za a duba" da yake rubutawa duk mako, ya rubuta "An amince", ya sa hannu, ya sa kwanan wata, har da lokaci, ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in, don tarihi ya shaida kafin Yaya ta cire takalmi aka yi. Sannan ya miƙe tsaye.

Yaya Dije ta shigo da sallama a gajarce, mayafi a kafaɗa, carbi a hannu.

"Ina takardar yarinyar nan?"

"Sannu da zuwa, Yaya. An sa hannu."

Ta karɓi fayil ɗin ta miƙa wa Hajiya. "Safara'u, karanta min. Ban yarda da shi ba."

"An amince, Yaya. Ga shi nan, tawadar ma ba ta bushe ba."

Yaya Dije ta tsaya tsakiyar falo tana duban ƙanenta sama da ƙasa. "Tun daga Unguwar Shanu nake shirya faɗan nan a keke. Har mai keken na gwada wa. Yanzu ina zan kai shi?"

"Zo ki ci ƙosai, Yaya," in ji Hajiya, ta ja ta zuwa kicin. "Akwai maganar labule."

Falon ya rage su biyu. Fadila na rungume da fayil ɗin a ƙirji, ta ce "na gode, Abba" da muryar da ta kusa zama ta Bara'atu. Ya ɗaga mata hannu, ya koma ya zauna. A talabijin yarinyar na tsaye a bakin ƙofar da ta buɗe, tana jiran a danna ta fita. A bayanta tsohon na zaune, murfin fulas ɗin na kan benci.

"Tumbin ya yi yawa," in ji Alhaji Sabo. "Ki rage."

"To, Abba."

"Kuma faɗan Bara'atu ya fi aikenki daɗi. Wannan ban canza ba."

"Na sani."

Ya juya hannun gem ɗin a tafinsa, bai danna ba. "In ta fita, shi me ke faruwa da shi?"

"Ban rubuta wurin ba tukuna."

"To ki rubuta masa ana kiransa a waya. Ba sai kullum ba, mutane na da aiki. Sau ɗaya a mako ma ya isa."

"Wace rana?"

Alhaji Sabo ya gyara murya, ya ji kansa, ya fasa ƙarasa gyarawar.

"Talata," ya ce, sannan ya danna yarinyar ta fita.